Ƙoran Inna Hamdiya

Rauda ce ta fara ganin ƙofar. Ta zo da sassafe da wayarta a hannu don ta ɗauki hoton kaya kafin a ɗaure su, sai ta tarar da kwaɗon a ƙasa, an ɓalle shi har da ƙarfen da ke riƙe da shi. Ɗakin na ƙungiyar mata masu sana'ar hannu ne na Tungar Kaiwa, wani ƙauye a ƙasar Kebbe, kuma a nan suka tara abin da za su kai baje kolin Sakkwato. Tabarmi na nan a naɗe. Faya-fayan Hajiya Bashira, shugabar ƙungiyar, na nan jere a jikin bango. Jakunkunan fata ko taɓa su ba a yi ba. Ƙoran Inna Hamdiya kaɗai aka kwashe, tun daga manyan masakai har ƙananan ƙoƙuna, aikin da tsohuwar ta yi rani guda tana zanawa a rugarsu ta bayan gari.

A bakin ƙofa kuwa, sawun kofato ne birjik.

Shekarar ba ta kwanciyar hankali ba ce. An kwashe shanu a ƙauyukan gaba, an ɗauke mutane a gonakinsu, har ya zama ƙarar babur daga nesa kan sa mata su kira 'ya'yansu cikin gida. Don haka da mutane suka ga kofato, ba wanda ya tsaya tambaya. Wani ya ce Fulani ne. Wata ta tuna cewa Siddiƙ, ɗan Inna Hamdiya, ya yi wa Rauda tsawa a kasuwar Kebbe a gaban kowa, ya ce ƙoran uwarsa ba za su je ko'ina ba. Kafin rana ta ɗaga, 'yan banga sun kamo shi a bakin rijiya yana shayar da shanu.

Ana cikin haka Magaji, mai garin, ya aika a kira Mutawakkil.

Mutawakkil tsohon maharbi ne da ya rataye bindiga. Yanzu in akuya ta ɓata, ko aka kore wa wani saniya, shi ake nema ya bi sawu. Mutum ne mai jinkirin magana, wanda ya fi kallon ƙasa a kan kallon fuska. Ya iso da siririyar sandarsa, ya gai da Magaji, ya tsaya yana sauraro.

Uthman, shugaban 'yan banga, shi ke magana. "Ranka shi daɗe, mun ba shi zuwa magariba. In kaya sunka fito, to. In ba su fito ba, mu fita da shi bayan gari mu tambaye shi yadda munka iya. Rugar kuma ta tashi yau, ko da wuta."

Duk wanda ke wurin ya san waɗanda aka fita da su bayan gari don tambaya ba su cika dawowa da ƙafafunsu ba.

Magaji ya dubi Mutawakkil. "Ka ji."

"Na ji, ranka shi daɗe. A ce wa mutane su ja baya. Sun tattake mini rabin aikin."

*

Ya bar bakin ƙofar, ya yi kewaye mai faɗi har ya sami inda sawun ya fita shi kaɗai. Dabba guda ce, babba, mai nauyi. An kai ta an komo da ita a gaban ɗakin har ta shafe sawun mutum, sannan aka ja ta zuwa burtalin da ke bi ta gefen rugar. Mutawakkil ya tsuguna yana fuskantar rana, don inuwa ta fito masa da bakin sawun. Ya daɗe a tsugune.

Gaba kaɗan ya sami kashin dabbar. Ya fasa shi da sanda. Laushi gare shi, ja-ja, cike da ɓawon dusa da ƙwayar angurya. Ya ɗaga kai ya dubi daji. Bazara ce, ciyawa ta ƙone, ƙasa ta yi fari fat.

A burtali sawun ya shiga cikin na garke, ya fita ta ɗaya gefen, ya hau fako mai tsakuwa da ya kewaye garin ta arewa. Nan ya ɓace. Mutawakkil ya yi ta zagaye a kan tsakuwar, rana tana cin ƙeyarsa, bai sami komai ba sai wani abu baƙi da ya maƙale tsakanin duwatsu biyu. Ɓallin kofato ne, dogo, a lanƙwashe kamar bakin lauje. Ya juya shi a tafin hannu, ya jefa aljihu.

*

Siddiƙ yana zaune a ƙasa a ɗakin 'yan banga, hannuwansa ɗaure ta baya, leɓensa ya kumbura. Mutawakkil ya zauna kusa da shi, ya jingina da bango kamar wanda ya zo hira.

"Sannu, Siddiƙ."

"Yauwa, Baba."

"An ce ka yi faɗa da Rauda."

"Na yi." Ya sunkuyar da kai. "Ta sa fuskar Innata cikin waya. Yaro a tasha yan nuna mini, shina dariya, wai ga tsohuwarku ta zama 'yar fim. Baba, kai za ka so?"

"Ba zan so ba. Ka ce ƙorai ba su zuwa Sakkwato?"

"Na faɗi. Inna tac ce in rufe bakina, aikinta ne, na rufe." Ya ɗago ido. "In zan ɗauki kayan uwata, sai na fasa ƙofa? Ce mata zan yi ta ba ni."

Uthman, da ke tsaye a bakin ƙofa, ya yi tsaki. "Duka haka suka cewa. Kai dai Baba Maharbi ka yi naka, mu yi namu."

"Ku sassauta mishi igiya, hannun ya fara baƙi," in ji Mutawakkil.

"In magariba ta yi mu kwance shi gaba ɗai," in ji Uthman, bai yi murmushi ba.

*

Mutawakkil ya sami Rauda da Hajiya Bashira a cikin ɗakin kayan, kowace ta juya wa 'yar'uwarta baya. Rauda malamar firamare ce, ita ke tallata kayan ƙungiyar a waya. Idonta ya yi ja.

"Baba, ni na jawo mishi," ta ce. "Da ban ɗauki bidiyon ba..."

"Faɗa mini yadda abin yake. Ni ban san kasuwar waya ba."

Ta share ido ta matso. Ta nuna masa yadda takan shimfiɗa farin ƙyalle da hantsi, ta ɗora kaya, ta ɗauki hoto ta sa a shafinsu da suna da lambar waya. Da farko ba mai kulawa. Sai ranar da ta ɗauki Inna Hamdiya tana zana ƙwarya da ɗan ƙarfenta mai zafi, hayaƙi na tashi, tsohuwar tana 'yar waƙarta. Bidiyon ya zagaya. Mutane daga Abuja da Legas suka fara tambayar mai hannun. Masu shirya baje koli suka kira, suka ce za su ba ƙungiyar rumfa a layin gaba, in dai Inna za ta zauna a wurin tana zane mutane na gani, Rauda kuma ta haska ta kai tsaye a waya.

"Har hotonta sunka buga a babban allo," in ji Hajiya Bashira, ba tare da ta juyo ba. "Ni da nika ɗinka faifai tun wagga yarinya ba ta daina fitsarin kwance ba, ko ɗan yatsana ba a buga ba."

"Hajiya, faifai bai hayaƙi," in ji Rauda.

"Kin ji ko, Malam Mutawakkil? Haka taka yi mini." Sai yanzu ta juyo. "Na san abin da mutane ka cewa. Wai baƙin ciki. E, na ji haushi, ban ɓoye ba. Amma makulli a ƙugu na shike kwana. Mai makulli mi zai kai shi fasa kwaɗo?"

"Don a ce ba mai makulli ba ne," Rauda ta faɗa ƙasa-ƙasa.

"Allah shi isa, Rauda!"

Mutawakkil ya bari suka huce. Sannan ya ce, "Hajiya, bijimin san da maigidanki ya turke, yana nan?"

Ta dube shi kamar ya zare. "Ana maganar ran mutum kana tambayar sa? Shina nan, shina cinye muna dusa."

"Su wa kuma sunka turke sa bana?"

"Mu, da Na'iya direba, da Gazali, ɗan garin ga mai shago a Tambuwal. Shekarar ga wa ke da abin ciyar da sa?"

*

Rugar shiru take. Mata sun fara ɗaure kaya, yara sun lafe a bayan bukkoki. Inna Hamdiya na zaune a gindin wata ƙaya, hannuwanta a kan gwiwa, ba ta kuka.

"Maharbi, ka gan shi?"

"Na gan shi, Inna. Da ransa."

Ta kawo masa nono a wata ƙwarya fara tas. Ya sha, ya tsaya yana duban zanen: layuka uku masu karkata, tsakaninsu ƙananan tsuntsaye, kowane da ƙafa ɗaya a ɗage.

"Wa ya koya miki wanga?"

"Tsuntsun? Ba kowa. Ni na ƙago shi shekarar da munka sauka nan. Balbela ce nika gani bayan shanu."

"Kafin Rauda, wa kika sayar wa?"

"Gazali. Duk ran kasuwar Kebbe shi ka kwashewa. Yaron kirki, bai taɓa ja da ni ba. Sai dai shi bai son in goge su da farar ƙasa, wai in bar mishi su haka nan." Ta karɓi ƙwaryar. "Da na shiga ƙungiya yaz zo nan har sau biyu, wai tafiyar Sakkwato wahala ce ga tsohuwa."

Kafin ya tafi, ya roƙi a riƙe masa saniya guda. Ya ɗaga ƙafarta ta gaba. Kofaton gajere ne, ya goge ya yi sumul kamar dutsen niƙa. Ya duba ta biyu, ya duba bijimin garken. Duk haka suke.

*

Motar Na'iya na shirin tashi zuwa Tambuwal, Mutawakkil ya shiga gaba. Zuwan nasa da dalili: in an sayar da ƙoran, dillalan Tambuwal za su fara ji.

Na'iya mutum ne mai surutu, amma ranar sai da suka wuce Kebbe kafin ya buɗe baki. "Baba, na ji an ce har ni ana zargi. Wai ina da mota, na san ranar tafiya."

"An faɗi."

"To ni da za a ba hayar kai kaya, in sace kayan in kai mi? Iska?"

"Ina sanka?"

"Gwamna? Shina nan, ya ƙoshi har ya raina ni. Jiya yas so shi tsire ni a bango." Ya saci kallon tsohon. "Mi ya haɗa Gwamna da ƙorai?"

"Kula da hanya," in ji Mutawakkil.

A Tambuwal ya zaga wurin masu ƙorai da masu kayan fata. Ba wanda aka kawo wa komai. Daga nan ya nufi shagon Gazali a bakin titin Sakkwato.

Gazali ɗan abokinsa ne marigayi, a gabansa aka yi masa suna. Ya tashi da sauri ya ba shi kujera, ya aika a kawo ruwan sanyi. "Baba Maharbi, yau a birni? Wallahi tun safe hankalina na gida. Na ce wa Uthman kada su yi gaggawa, yaron nan ba a tabbatar ba."

Shagon ƙarami ne, ƙamshin turaren wuta ya cika shi. A lungu an rataye baƙin ƙyalle, da wata fitila mai zobe a kan ƙafa, wurin ɗaukar hoto. A kan katako ƙorai ne jere, amma ba farare ba. Launinsu ya yi duhu kamar na tsohuwar zuma, bakinsu ya ɗan cinye.

"Waɗanga fa?"

"Tsoffin kaya ne, Baba. Ɗakunan kakanni nika bi, Jabo, Dogon Daji, har ƙetare. Masu saye a waya ba su son sabo. Turawa da manyan Legas, in ka ce musu ƙwarya ta ga kaka da kakanni, ba su ko tayawa." Ya yi dariya. "Ni na ma yi tunani, tunda abin ya faru, in ara wa matan nan nawa su cika rumfa. Inna ta huta, ba sai ta je ba."

Mutawakkil ya ɗauki guda. Layuka uku masu karkata. Tsuntsaye, kowane da ƙafa ɗaya a ɗage. Ya kai ta hanci kamar mai duba ko ta yi tsami. A ƙarƙashin turaren akwai wani wari da duk wanda ya taɓa share turke ya sani.

Ya ajiye ta a hankali. Ya tuna uban yaron.

"Ka rufe shago mu koma tare," ya ce. "Magaji na son kowa shi hallara bayan la'asar."

*

Rana ta karkata, inuwar durumin ƙofar Magaji ta yi tsawo. Gari duka ya fito. An zaunar da Siddiƙ a tsakiya, har yanzu a ɗaure. Samari na tsaye a baya da gorori, wani ya jingina jarkar fetur a gindin bango, bai ko ɓoye ta ba. Inna Hamdiya na tsaye can gefe ita kaɗai, ba macen da ta matsa kusa da ita sai Rauda.

"To, Mutawakkil," in ji Magaji. "Sawu ya kai ka ina?"

"Ya kai ni fako ya ɓace, ranka shi daɗe."

Aka yi guna-guni. Uthman ya gyara tsayuwa.

"Amma ina roƙon abu guda. A fito da shanun turka na garin ga, duka ukun."

"Baba, wasa munka zo?" in ji Uthman. "Rana na faɗuwa."

"Ta faɗi, ba ni na riƙe ta ba. Ranka shi daɗe, dabbar da anka kai ƙofar ɗakin can ba ta ruga ba ce. Saniyar daji a bazarar ga busasshiyar ciyawa taka ci, kashinta baƙi ne, tauri gare shi. Wanda na gani dusa ce da angurya. Kuma mai yawo kullum ƙasa ka cinye mata kofato. Wanda ke tsaye wuri guda shina ci, shi ne nashi ka tsawo har shi lanƙwashe." Ya fito da ɓallin daga aljihu, ya ɗaga. "Wanda yay yi aikin ga ya san za a ga kofato a ce Fulani. Bai tuna san da ya saba da taushin turke bai iya tsakuwa ba."

Magaji ya ɗaga hannu, aka tafi.

Aka fara kawo na gidan Hajiya Bashira, yana tafe yana rangaji. Mutawakkil ya duba ƙafafunsa, lafiya lau. Sai ga Na'iya da Gwamna, sa na jan sa, shi yana jan sa, yana zagin kakanninsa, har wasu suka yi dariyar da ba ta daɗe ba. Shi ma kofatonsa cikakku ne.

"Gazali, naka fa?" in ji Magaji.

"Bai da lafiya, ranka shi daɗe. Tun jiya bai tashi ba."

"Sai mu je mu gai da shi," in ji Mutawakkil.

Taron ya kwarara zuwa bayan gidan Gazali, inda aka kewaye turken da zana. San na kwance, fari ƙato, yana numfashi da ƙarfi. Jelarsa ta cika da ƙarangiya. Da aka buge shi ya tashi, sai ya ƙi taka ƙafar gaba ta dama. Mutawakkil ya tsuguna, ya kama ƙafar, ya ɗora ɓallin a inda ya karye. Ya zauna daram.

Gazali ya ja da baya, gumi na bin wuyansa. "To ai an fito da shi ne ban sani ba! Wa ya iya jan sa cikin duhu bai yi kuka ba in ba Bafillace ba? Shi yas sato shi don a ce ni ne!"

Maganar ta shiga kunnen samari. Kawuna suka sake juyawa wajen Siddiƙ, wanda aka jawo har nan da igiyarsa. Wani ya ce, "Gaskiya ne, sun iya." Uthman ya naɗe igiyar a hannu.

Mutawakkil bai ɗaga murya ba. "A matsar da san. A ba ni fartanya."

Takin da ke ƙarƙashin dabbar ya kamata ya zama a daddanne kamar daɓe. Wannan a sake yake, an juya shi. Ya sara sau ɗaya a hankali, ya ajiye fartanyar, ya sa hannu. Ya jawo bakin buhu. Da aka farke shi, ƙorai suka bayyana a jere cikin juna, an cusa taki mai ɗumi a tsakaninsu, farinsu ya fara rinewa. Can ƙasa da su akwai wani buhun da ya daɗe, nasa ƙoran sun riga sun yi launin zuma.

Rauda ta yi salati. Ta buɗe wayarta, ta nemo shafin Gazali, ta miƙa wa Magaji. "Ranka shi daɗe, dubi. Ga tsuntsun Inna. Ya rubuta wai ƙwaryar wata gimbiya ce tun kafin zuwan Turawa. A taki shika tsufar da su."

Inna Hamdiya ta matso, mutane suka buɗe mata hanya. Ta ɗauki ƙwarya guda, ta share takin da gefen zanenta. Ta dubi Gazali.

"Ɗana, da ka ce mini kada in je, ka faɗi dalili."

Gazali ya zauna a ƙasa, cikin takin. "Inna, in kin zauna gaban jama'a kina zana shi, duniya na kallo a waya, duk wanda na sayar wa zai gani. Sunana ya mutu. Wallahi ban yi nufin a taɓa Siddiƙ ba. Cewa na yi za a yi surutu kwana biyu a bari."

"Kwana biyu," in ji Mutawakkil.

Sai hayaniya ta tashi. Gororin da aka ɗauko don Siddiƙ suka juyo. Wani ya jefo dutse ya sami zana. Mutawakkil ya miƙe ya tsaya a gaban Gazali, ƙafafunsa cikin taki, siririyar sandarsa a hannu.

"Da safe kun tabbata," ya ce musu. "Yanzu ma kun tabbata. Ku koma gida."

Magaji ya daka tsawa, ya ce a sa Gazali a motar Na'iya a kai shi wurin 'yan sanda a Kebbe, shi da kansa zai raka. Sai a lokacin aka tuna da Siddiƙ. Uthman ya kwance igiyar, ya ce, "To, Allah shi kiyaye gaba," yana kallon wani wuri. Hannuwan saurayin sun kumbura, yatsun ba sa lanƙwasuwa. Wani ya miƙo masa ruwa a kofi. Ya dubi kofin, ya dubi jarkar fetur da wani yaro ke ƙoƙarin janyewa bayan bango, ya wuce bai karɓa ba. Uwarsa ta bi bayansa.

*

Ranar tafiya, Hajiya Bashira da Rauda sun wanke abin da zai wanku. Wasu ƙoran sun koma fari, wasu tabon ya zauna. Ana ɗora tabarmi a kan mota sai ga Inna Hamdiya ta fito daga burtali ita kaɗai, da ɗan ƙarfenta naɗe a tsumma da ɗanyun ƙorai a ka.

"Inna, mun ɗauka ba ki zuwa," in ji Rauda.

"Na ce zan je." Ta nuna masu tabon. "Waɗanga ma ki ɗauke su a wayar taki, ki faɗi abin da ya same su. In an tashi, ki sa ni motar Yawuri. Ba nan zan komo ba."

Hajiya Bashira ta dube ta. Ta sauka daga kujerar gaba ta ba tsohuwar.

Da motar ta tashi, Mutawakkil ya taka zuwa rugar. Bukkoki na tsaye ba kowa, toka ta huce a murhu. Garke guda ya bar sawu mai faɗi a kan yashi, wanda ko makaho zai bi da ƙafa.

Yana tsaye sai ga Magaji da Uthman a kan babur.

"Sun tashi ba sallama," in ji Magaji. "Gonakinmu wa zai zuba wa taki bana? Mutawakkil, duba muna ina sunka nufa. In aika a ba su haƙuri."

"Ni zan je da kaina," in ji Uthman. "Da yarana."

Mutawakkil ya dubi Uthman, ya dubi bindigar da ke rataye a kafaɗarsa. Sannan ya sunkuya ya dubi ƙasa, ya daɗe, kamar yadda ya saba.

"Ranka shi daɗe," ya ce, "ban ga komai ba."

Ya saɓa sandarsa ya juya gari.